Hudar da Ke Tsakiyar Tuta

Shekara ashirin da shida ina kan keken ɗinki
a ma'aikatar da ke bayan tashar jirgi, a Timishwara.
Shuɗi, rawaya, ja,
in haɗa bakinsu, in ɗora tambari a tsakiya:
tauraro, duwatsu, zangarniyar alkama.
Alkamar nan ni na ɗinka ta da hannuna,
ban taɓa cin ta na ƙoshi ba.

Da kati ake sayen burodi.
Ƙarfe huɗu na asuba mun fito,
mu jera kwalaben madara su riƙe mana layi,
sanyi yana gaigayar yatsu kamar ɓera.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Mun dafa, mun sha romon,
babu ko gishiri.

Bango da kunne, kowa ya sani.
Kunnen namu sunansa Pompiliu, yana hawa na uku.
Yakan cire hula ya gaishe ni:
"Filofteia, ina labarin Sever?"
In ce lafiya,
ya koma ɗaki ya rubuta.

Sai Disamba.
Tsofaffi suka fara, da kyandir a tafin hannu,
sai ɗalibai, sai masu gyaran taragu,
sai wani ya buɗe baki ya faɗi abin nan
da muke faɗa wa matashin kai cikin dare.
Sama ba ta faɗo ba.
Muka dubi juna.
Ashe kowa shi kaɗai yake tsammanin yake.

Sever ya ajiye cokali, miya ba ta huce ba.
"Mama, yanzu zan dawo."
Na bi shi da ƙyallen wuya har matakala,
ya riga ya sha kwana.
Daren nan na ƙirga harbi har sittin,
daga nan lissafi ya kwance mini.

Asibiti suka ce babu shi.
Ɗakin gawa suka ce babu shi.
Wani mai shara ya kawar da kai, ya ce da tsintsiyarsa:
"Mota ta zo da dare."

Ran Laraba ma'aikata suka tsaya cak.
Na ɗauko tutar da na gama ranar Asabar,
na ɗauko almakashina mai baƙin kunne.
Wanda ya ɗinka shi ya san inda zare ya kwana.
Ban yi gaggawa ba,
na bi da'irar a hankali, kamar mai yanke cibiya.
Da na ɗaga ta a dandali,
ta cikin hudar na hango sararin sama,
da fuskar wani ƙaramin soja
yana kuka, bindiga na kallon ƙasa.

Kafin mako ya zagayo an sauke hotuna daga bango,
sai farin gurbi a inda suka daɗe.
Lemo ya shigo gari a manyan motoci,
yara suna shinshina ɓawon.
Pompiliu ya ɗaura ƙyalle mai launi uku a damtse,
duk unguwa ba wanda ya kai shi ihun 'yanci.

Ban ce ba a samu ba.
Ina magana yanzu ba tare da na kunna famfo ba.
Na jefa ƙuri'a, na ga wanda na zaɓa ya faɗi,
ba wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Amma da'irar nan da na yanke tana nan,
a aljihun tebur, ƙarƙashin cokula.
Da ita nake sauke tukunya.
Alkamar ta yi baƙi, tauraron ya ƙone.
Ita kuwa hudar, na auna ta da tafin hannu,
faɗin fuskarsa ce daidai.
Kwano biyu nake ajiyewa har yau.